Dakali da rumfa a bayan gida: katako, siminti, dutse ko ƙasa, kuma wa za ka ba aikin a Damagaram?

Duk gidan da ke da ɗan fili a baya ko a tsakiya, wata rana sai maigida ya yi tunanin gyara wurin zama: inda za a shimfiɗa tabarma da yamma, a dafa shayi, yara su yi karatu, uwargida ta yi tsintar shinkafa ba a cikin rairayi ba. A ƴan shekarun nan hotunan waya sun ƙara raba wa mutane hankali. Ɗan'uwa da ke Kanada ko Faransa ya turo hoton dandamalin katako na bayan gidansa, an goge shi yana ƙyalli, sai ka ji kai ma irinsa kake so. Kafinta ya ce zai iya. Magini ya ce ka rabu da katako a zuba siminti. Dattijon unguwa ya ce dakalin ƙasa da rumfar zana sun ishi iyayenmu. Kowa da hujjarsa, kuɗin kuma naka ne.

A ganina abu uku ne ke sa wurin zama ya daɗe a garin nan: tushe, hanyar da ruwa zai bi ya fita, da irin cinikin da ka ƙulla da mai aikin. Kayan da ido ke gani a sama suna biyo baya.

Abin da za ka auna da shi

Kafin ka kwaikwayi wancan dandamali, ka san abin da aka gina shi ya jure. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. A ƙasashen ƙanƙara, ƙasa mai danshi tana kumbura da sanyi ta ɗaga ginshiƙi, in ƙanƙara ta narke ta sauke shi, shekara bayan shekara har dandamalin ya karkace ya rabu da jikin gida. Shi ya sa a Toronto ake haƙa ramin ginshiƙi ya kai mita 1.2, ya wuce iyakar da sanyi ke shiga ƙasa. Katakon da suke amfani da shi an ɗura masa maganin da ke ɗauke da jan ƙarfe tun a masana'anta, kusoshinsu ba sa tsatsa, kuma suna barin ƴar tazara tsakanin alluna don ruwan ƙanƙara ya zube. Sanyinmu na Disamba da Janairu yana sa mutum ya nemi bargo da kaskon wuta, amma ba ya daskarar da ruwa a ƙasa. Wanda ya ce zai caje ka kuɗin tushe irin na can, ka tambaye shi dalili.

Abokan gabarmu daban ne. Na farko gara. Sai ranar Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Sai bushewar hunturu, wadda ke tsaga katako, ta tsotse ruwan sabon siminti kafin ya kama. Sai guguwar farkon damina da ke zuwa daga gabas ta yaye rufi. Ruwan sama kuwa, abin da Damagaram ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya ba, amma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zuba, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Duk wanda ya ga yadda tsohon masallacin unguwar Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumban 2024 ba zai ƙara raina ruwan garin nan ba. Akwai kuma abin da maginin Maraɗi ko Kano ba zai tuna ba sai an tuna masa: ruwan aiki. Gari ne da ke zaune kan dutse, ruwan famfonsa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza, kuma da bazara unguwanni da yawa sai da ƴan garuwa. Ginin da ke shan ruwa da yawa yana da wani kuɗi da ba a rubutawa a lissafin farko.

Don haka kowane zaɓi za mu duba kuɗinsa na farko da na gyara, ƙarkonsa, sauƙin samun kaya da gwanin aiki, hatsarin da ke tattare da shi, da daɗin zama a kansa da zafi da sanyi.

Dandamalin katako

Shi ne mafi tsada, kuma shi ne na fi jin tsoro. Ba mu da dajin katako. Duk allon da ka gani a kasuwa daga kudu mota ta ɗauko shi, kuɗin hanya na kansa. Farin katako abincin gara ne. Jan katako mai nauyi, irin loko ko maɗaci, yana jurewa, sai dai kuɗin da zai rufe mita 4 da 5 zai iya gina maka ɗaki. Katako mai magani irin na Kanada ba kasafai ake samunsa a wurinmu ba, abin da kafinta zai ce maka shi ne a shafa baƙin mai. Baƙin mai a fata yake tsayawa, yana ɓata tufafi, yana wari da rana, kuma ban yarda da shi ba a wurin da jariri zai yi rarrafe.

Akwai matsalar da ba a lura da ita sai an gama. Katakon kudu da sauran danshinsa yake isowa. In an kafa shi a Oktoba, kafin Fabrairu ya ƙanƙance, allo ya lanƙwashe, kan kusa ya fito yana yankar ƙafa. Ƙarƙashin dandamalin kuma ya zama maɓoyar leda da ɓera da kunama. Ga wuta: garwashi ɗaya ya faɗo daga murhun shayi ya shige tsakanin alluna, ba wanda ya gani.

In duk da haka ranka na kansa, a yi ƙafafu da gadon da ƙarfe, katakon ya hau sama kawai. A ɗaga shi kamar santimita 40 daga ƙasa don ka riƙa leƙawa ka ga ko gara ta fara jan hanyarta ta ƙasa a jikin ƙafa. A jera allunan a inuwa su sha iska makonni kafin a kafa, a ɗaure da kusa mai zare, a shafa man katako duk shekara, kuma lalle a yi masa rufi. Kafintocinmu gwanaye ne a ƙofa da gado da rufin ɗaki, amma daɓen katako na waje ba aikin da suka saba ba ne. Kada gidanka ya zama wurin koyo.

Dakalin siminti da rumfar ƙarfe da kwano

Nan mafi yawan mutane ke ƙarewa, nan kuma aka fi cutar su, domin da zarar an shafe saman ba mai iya ganin abin da ke ciki. Bari mu yi lissafi a fili. Dakali mai mita 4 da 5, kaurin santimita 10, kankare mita kubik 2 ke nan. Kankare mai kyau yana cin buhu 6 zuwa 7 na kilo 50 a kowace mita kubik, wato buhu 12 zuwa 14, ban da na tushen gefe da bulo. A wajen kwaɓi, buhu ɗaya yana tafiya da baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa. Wanda ya ce maka buhu 7 sun isa duk wurin, ko dai kaurin zai rage ko yashin zai ƙara. Tan guda buhu 20 ne. A Oktoban 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta rage kuɗin siminti, ta tsayar da tan na siminti mai lambar ƙarfi 32.5 a jika 55 na kuɗin sefa a Yamai, jihohi kuma da ɗan bambanci; farashin kanti yana motsi, sai ka tambaya a wuri biyu ko uku ranar da za ka saya, ka kuma taɓa buhun ka ji bai yi dutse ba.

Tushe shi ne aikin. A kwashe ƙasar sama mai shara, a zuba burji kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa a daddage kowane zubi kafin na gaba. Cikon da aka zuba gaba ɗaya rana guda aka rufe, damina ɗaya zai zauna ya bar rami a ƙarƙashi, dakalin ya tsage. A ɗaura ragar rodi mai kaurin milimita 6 ko 8, a ɗaga ta da ƴan duwatsu ta zauna a tsakiyar kankaren, kada ta kwanta a ƙasa. A karkata saman santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita, ya kalli magudana, ya ba wa bangon ɗaki baya. A mita 4 bambancin zai kai santimita 6 zuwa 8. Ido ba ya gani, ruwa yana gani. A kuma tsaga layi duk mita 3 ko kusa da haka, don in zai tsage ya bi layin.

Yashi ma ka duba da kanka. Ɗebi rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza ka ajiye. Yashin zai kwanta nan take, laka ta biyo daga baya ta zauna a sama. In lakar ta yi kauri, ka mayar da mai amalanke ya kawo na wani wuri.

Sai ban-ruwa, inda ake asarar aikin da aka yi daidai. Siminti da ruwa yake ƙarfi, yana son danshi aƙalla kwana 7, ba ya cika ƙarfinsa sai wajen kwana 28. A hunturu, iska tana busar da fuskarsa cikin sa'o'i, washegari ka ga ƙananan tsagu sun bazu ko'ina. Maganin ba tsada: a rufe da buhunan algarara ko yashi mai danshi, a jiƙa safe da yamma, a ɗora leda. Ka tanadi duro biyu cike kafin ranar zubi, kuma a faɗa tun wurin ciniki wane ne zai yi ban-ruwan, domin magini ranar da ya shafe ya tafi wani aikin. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ɗaukewar damina zuwa farkon sanyi. Daga Maris zuwa Mayu ga zafi ga tsadar bido.

Rumfar aikin mai walda ce. Ƙafafun su shiga rami mai zurfin santimita 60 ko fiye, a zuba musu kankare, a walda ɗan ƙarfe a gicciye a gindinsu don iska kada ta zare su. A unguwannin da dutse ke kusa, kamar wajen Birni, wani rami ba zai haƙu ba. Sai a huda dutsen a dasa rodi, kuma wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata a yi maganarsa tun farko. A shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin a ɗora kwano, a ɗaure kwanon da ƙugiya, musamman layin gefe. Kwano mai laushi araha ne, amma shi guguwa ke fara naɗewa. Aibin kwano zafi: in rufin ya yi ƙasa, da azahar ba mai zama. A ɗaga shi ya kai mita 3, a shimfiɗa zana ko tabarmar kaba a ƙarƙashinsa.

Shawara ɗaya da nake ba kowa: kada a rufe dakalin duka. A bar kamar mita ɗaya da rabi a fili inda hantsi ke sauka, domin a Janairu nan tsofaffin gida za su zauna. Gefen gabas da arewa kuma a yi ɗan bango ko a rataya asabari, tun da ta nan ƙurar hunturu da feshin damina ke shigowa.

Dutse da bulon shimfiɗa

Garin duwatsu ne, kuma abin mamaki ba mu cika amfani da su a tsakar gida ba. Gefen dakali da aka jera da fasasshen dutse aka ɗinke da siminti ya fi na bulo ƙarko nesa ba kusa ba. Gara ba ruwanta da shi, ruwa ba ya cin gindinsa. A cika cikin da burji, a shimfiɗa yashi, a jera bulon shimfiɗa irin na titi. Amfaninsa babba a nan shi ne ba ya neman ban-ruwa kamar zubi, tun da bulon ya riga ya bushe a wurin masu bugawa, kuma in wani wuri ya zauna sai a cire a gyara a mayar. Kuɗinsa yana kusa da na siminti, wani lokaci ya ɗara kaɗan saboda ladan mai jera dutse. Tururuwa na fitar da yashi ta tsakani, shara ta fi wuya, kuma in ba a ɗaure gefen da kyau ba bulon zai riƙa baje wa. In babu inuwa, dutse yana riƙe zafin rana har bayan isha'i. Bulon da za ka saya, ɗauki ɗaya ka sake shi daga tsayin ƙugu. Wanda ya rududduge ka bar musu.

Dakalin ƙasa da rumfar zana

Ba abin da ya kai shi sanyi da bazara, ba kuma abin da ya kai shi araha ranar farko. Tubali, daɓe mai makuba, dirkoki, azarar giginya wadda gara ba ta cika damu ba, zanar gamba a sama. Sai dai kowace shekara yana neman hannu: yaɓe kafin damina, sabuwar zana bayan shekara ɗaya ko biyu, dirkar da gara ta ci a canza. Wuta kuma ita ce babban hatsarinsa, musamman lokacin jin ɗumi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a shafe ƙasa da siminti a ce an huta. Ba sa kama juna, ruwa ya shiga bayan shafen ya ci ƙasar a ɓoye, wata rana ɓawon ya faɗo. Itacen dirka kuma ka saya wurin masu sayarwa, kada ka aika yaro ya saro gawo ko ƙirya, ka jawo wa kanka ma'aikatan gandun daji.

| Zaɓi | Kuɗin farko | Gyara | Ƙarko | Samun gwani | Babban hatsari |
|---|---|---|---|---|---|
| Katako | Mafi tsada | Duk shekara | Gajere, sai da kula sosai | Da wuya | Gara, wuta, lanƙwasa |
| Siminti da kwano | Matsakaici zuwa sama | Kaɗan | Dogo in an yi tushe da ban-ruwa | Da sauƙi | Rage siminti, guguwa, zafi |
| Dutse da bulon shimfiɗa | Matsakaici zuwa sama | Kaɗan | Dogo ƙwarai | Sai an nema | Bulo marar ƙarfi, gefe ya baje |
| Ƙasa da zana | Mafi araha | Duk shekara | Gwargwadon kulawa | Da sauƙi | Ruwan sama, wuta |

Yini, jinga ko kwangila

Aikin yini: kai ke sayen kaya, kana biyan magini da leburansa kullum. Ya fi araha in kana tsaye a wurin, kuma ba wanda ke da dalilin rage siminti. In ba ka nan, aikin kwana biyar sai ya ci sati biyu.

Jinga: kai ke sayen kaya, ku yi cinikin ladan hannu gaba ɗaya. Ga ƙaramin aiki irin wannan ita na fi so. Aibinta gaggawa, mai jinga yana son ya gama ya karɓa, abin da zai tsallake kuwa shi ne daddage ciko da ban-ruwa. Saboda haka a raba biyan: kaso bayan ciko, kaso bayan zubi, kaso bayan rumfa.

Kwangila gaba ɗaya: ka ba mutum ɗaya ko kamfani kuɗi, ya kawo kaya da ma'aikata ya miƙa maka aiki. Ta fi tsada, ta fi hutu, kuma in rumfa ta karkace ba za ka tsaya tsakanin magini da mai walda kowa na tura wa ɗan'uwansa laifi ba. Amma ribarsa tana cikin abin da ya rage na kaya, don haka sai da takarda: yawan buhu, girman rodi, kaurin ƙarfe da na kwano, kaurin zubi, ranar gamawa, da shaidu biyu. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ka riƙe kashi 10 cikin 100 har ruwan farko ya sauka a kansa, ko aƙalla har ka kwarara bokiti biyu a tsakiya ka ga inda ruwan ya nufa.

Ko wace hanya ka bi, je ka ga aikin da ya yi wanda ya sha damina biyu, ka yi magana da mai gidan ba a gabansa ba. Sabon aiki kowa nasa kyau gare shi. Sannan ka gwada shi da tambaya: "Malam, buhu nawa za ka zuba a nan, kuma ina ruwan zai bi?" Wanda ya ce "Alhaji, kada ka damu, sai ka gani," ka yi masa godiya. Wanda ya tsuguna ya zana maka a ƙasa, ya ciro tiyon awo ya tambaye ka ina magudanar gidan take, da shi za ka zauna ciniki ko da ya fi tsada. In aikin zai taɓa katangar maƙwabci ko ya fito bakin titi, ka fara sanar da maƙwabcin da mai unguwa, ka kuma leƙa ma'aikatar magajin gari.

Wanne ya dace da wa

Mai gidan kansa da ke son ya yi sau ɗaya ya huta, ga yara da baƙi: siminti da rumfar ƙarfe, a jinga, shi da kansa ko ƙaninsa na tsaye ranar ciko da ranar zubi. Wanda unguwarsa ke fama da ruwa, ko filinsa sabon ciko ne da bai gama zama ba: gefen dutse da bulon shimfiɗa. Ɗan haya, ko wanda bai gama shawarar yadda zai gina filin ba: ƙasa da zana, ko rumfar ƙarfe mai ɗaurin noti da zai kwance ya tafi da ita. Gidan da ke da tsofaffi masu jin zafi: dakalin siminti a ƙasa, zana a sama, a nisanta murhu. Mai sha'awar katako da ke da halin kula da shi: ya yi dakalin siminti, ya sa kafinta ya yi masa ɗan gadon zama na jan katako da ake ɗagawa a shigar ɗaki da damina.

Wanda ke waje yana aiko da kuɗi, kwangila da takarda ta fi masa, a biya mataki-mataki, a turo masa hoton rodi da ramin ƙafafu kafin a rufe su, kuma mai duba aikin ya zama daban da mai riƙe kuɗin. In kuwa can ƙasar sanyin kake son ginawa, lissafin ya juya: nemi mai kwangilar da ke da rajista da inshora, wanda zai karɓo izinin hukumar gari, ya rubuta maka zurfin tushe da nauyin ƙanƙarar da dandamalin zai ɗauka, ya kuma nuna maka yadda zai ɗaure shi da jikin gida ruwa bai shiga bango ba.